Gwaggon da ta riƙe ni

Ranar da aka yaye ni gwaggona ta goya ni zuwa gidanta, kamar yadda ake yi a danginmu. Ita na sani uwa. Da ɓarin jikinta ya shanye, na kawo ta Doha, inda nake aiki, da bizar ziyara. Ni ce wanka, ni ce juya ta, ni ce ba ta kunu a baki.

Na nemi hutun jinya a wurin aiki. Jami'ar kula da ma'aikata ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ba ita ta haife ki ba. A doka ba ke ce mai jinyarta ba."

Da biza ta ƙare, na tura ta a keken guragu har filin jirgi don a mayar da ita gida. Ta damƙe hannuna ta ce, "Ni kuma wa za ki ba riƙona?"