Daɓen Ɗakin Kaka

Na ga abubuwa da dama tun tasowata, amma ranar da aka mayar da kakata ɗakinta a Kebbe ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta rasa ganinta da tsufa ya kama ta, amma baƙo ba zai gane ba in ya same ta a ɗakinta. Takan tashi daga gado ta je bakin randa, ta yi alwala a ƙofa, ta dawo ta yi sallarta ba mai riƙe mata hannu. Sai wata damina rufin ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a ɗakin, daɓen ya farfashe. Ƙanin Baba da muke kira Baffa ya ɗauke ta zuwa gidansa na Tambuwal, aka haɗa ta da ni don in riƙa kula da ita.

Baffa ya yi don Allah. Ɗakin da ya fi kowane kyau ya ba ta, ga tayil fari tas, kullum ina goge shi har yana ɗaukar ido. To amma tayil ba ya gaya wa ƙafa komai. Ko'ina santsi, ko'ina sanyi, gabas da yamma duk ɗaya. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ko allura ba, sai ga shi ta koma kiran sunana kowane lokacin salla: "Ke, ina gabas?" Wata rana na tafi kasuwa, na dawo na tarar ta ba alƙibla baya tana salla. Da ta sallame na gaya mata, sai hawaye suka zubo mata. Tun daga nan ta rage tashi, ta rage cin abinci, har tsokanar da muke yi ta daina. Na ji tsoro ƙwarai, don a kan idona take ƙarewa.

Ana haka Inna, mahaifiyata, ta zo dubiya a kan babur. Tsakaninta da Kaka akwai kunyar surukai, saboda haka bayan gaisuwa ta raɓe gefe. Ni ina ta surutu, ita kuwa ƙafar Kaka take kallo, yadda take shafa tayil da yatsu kamar mai neman abin da ya faɗi.

A lokacin an gyara rufin ɗakin Kebbe, maza sun yanke shawarar a zuba siminti. Inna ba mai jayayya da Baba ba ce, amma a kan wannan ta kafe. "Ku bar min ƙasan ɗakin ga," in ji ta. "Daɓe za a yi, awa yadda shike." Baffa ya yi dariya ya ce wa ke daɓe a wannan zamani, amma dai suka ƙyale ta.

Ta aika aka zo da ni, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a manyan tukwane, aka kawo tsakuwa da jar ƙasa, ta gayyaci matan unguwa. Kafin kowa ya taɓa komai ita kaɗai ta shiga, ta share ɗakin, ta durƙusa tana bin tsohon daɓen da tafin hannu. Kusa da bangon gabas ta tsaya, ta kife faifai biyu a wurin. Sannan aka fasa inda ya lalace, aka zuba ƙasa, aka yayyafa ruwa, mata suka jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa. Ni da na saba da tsumma da bokiti, kafin azahar hannuna ya yi kanta, suna ta yi min dariya wai 'yar birni.

Da aka iso bangon gabas wata maƙwabciya ta ɗaga faifan, sai ga 'yan ramuka biyu sumul. "Wanga wuri ya lotsa, bari mu cike shi."

"Kak ku taɓa shi," in ji Inna. "Nan taka tsayi in za ta salla, tun ba a kawo ni gidan ga ba. Dugaduganta na sunka ci wurin."

Da hannunta ta wanke ramukan, ta haɗa bakin sabon daɓen da tsohon har ba a gane mahaɗin. Aka yi kwanaki ana shafa ruwan makuba yana bushewa ana ƙarawa, har ƙasan ɗakin ta yi duhu, ta yi ƙarfi, tana sheƙi.

Da daɓen ya bushe, ni da Baffa muka koma Tambuwal muka ɗauko Kaka, muka iso da la'asar. A bakin ƙofa ta tsaya ta shaƙi iska. "Makuba nika ji," ta ce, ta tuɓe takalmi. Bayan ta yi alwala na kama hannunta, ta fizge. "Sake ni, ƙawata, ɗakina na." Ta taka a hankali, ta wuce gado, ta wuce randa, har dugaduganta suka faɗa ramukan nan. Ta gyara tsayuwa, na shimfiɗa mata buzu a gabanta, ta ɗaga hannu ta yi kabbara. Ba ta tambayi kowa gabas ba. Baffa da ke tsaye a ƙofa ya juya ya fita yana goge ido da hularsa.

Da ta idar ta tambaya wa ya hana a cike wurin. Inna ta ɓuya bayan ƙyaure, ni na tona ta. Kaka ta ce, "Ashe idanuna ba su tahi ba, suna wurin yarinyag ga." Ta kuma ce in dama mata fura, wai ta gaji da rowata.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inna ta koya min cewa shi ne kuma ya san inda bai kamata a taɓa ba. Tun daga ranar, in zan gyara wa mutum wani abu, sai na fara duba inda ƙafarsa ta saba takawa.