Shanun da Suka Tafi Wasan Waje

Shekarun baya, lokacin da tumbina bai fara hana ni ganin yatsun ƙafata ba, na taɓa zama ma'ajin kulob ɗin ƙwallo. Ku daina dariya. Ma'aji na gaske, da jaka da biro biyu, sai dai asusun namu ko ɓera ya leƙa sai ya tausaya ya ajiye mana sadaka.

Kulob ɗin na abokina ne, tare muka taso a Abbare. Ya girme ni da kaɗan, shi ya sa nake ce masa Hamma, wato yaya da Fulatanci. Yana da shagon siminti, kuma mahaifinsa ya rasu ya bar masa shanu goma sha huɗu a rugar kawunsa, can wajen Iware. Shi ya tara samarin unguwa, Fulani da Mumuye da Jukun da Hausawa, ya ɗinka musu riguna. Ƙaramar gasa muke bugawa, duk wasanninmu a cikin Jalingo, Keke Napep huɗu sun isa su kwashe mu. Albashi babu. In an ci wasa a sha ruwan leda da biredi, in Hamma ya yi ciniki a ƙara da tsire.

Sai Allah ya jarrabce mu da nasara. Muka cinye gasar, aka ce mun haye rukuni na sama, inda ake karawa da ƙungiyoyin wasu jihohi. Ihun da na yi ranar, na tabbata mutanen Yola sun fito suna tambayar lafiya.

Bayan kwana uku wani Alhaji daga wata jiha ya aiko wakili. Akwai abin da ake kira sayen gurbi: ƙaramin kulob ya sha wahala ya haye, mai kuɗi ya saye wurin, ya sauya suna, ya kai garinsu. Abin da ya taya ya isa a sallami yaran da alheri, Hamma ya ƙara shago, mu koma ƙasa mu ci gaba da shan ruwan ledarmu cikin mutunci.

Hamma ya kira ni shago, ya ce, "Soba, abokina, kai ne ma'aji. Me ka gani?"

Ko biro ɗaya cikin biyun ban buɗe ba. Na miƙe na bugi ƙirji, na ce, "Hamma, gumin yaran nan za ka sayar? Gobe ka bi ta unguwar Turaki a riƙa nuna ka da baki? Ba mu shekara biyu, kamfanoni za su yi layi a ƙofar shagon nan suna roƙon mu manna sunansu a rigarmu."

"Ka tabbata?"

"Ko daga barci ka tashe ni, haka zan faɗa."

Ya sallami wakilin.

Ashe sama ba a zamanta da ihu. Kuɗin rajista kaɗai ya cinye saniya guda. In wasa a gidanmu ne, mu za mu sauki alƙalan wasa, mu ciyar da su, mu nemo jami'an tsaro da motar asibiti. Na sa rai da kuɗin ƙofa, amma a Jalingo duk wanda ya zo ƙofa ƙanin wani ne ko surukin wani, sauran kuma ta katanga suke sayen tikiti. In wasan waje ne, ga hayar bas, ga masauki, ga abincin ƙarti ashirin da biyar masu ci kamar an yi musu bushara da yunwa. Yaran namu kuwa masu walda ne da birkiloli da direbobin keke. Wanda zai bar sana'arsa kwana huɗu ya bi ka wata jiha, dole ka yanka masa albashi. Muka ƙaro ƙwararru uku daga waje, su kuma sai da aka ba su kuɗin sa hannu kafin su ɗaura takalmi.

Duk ranar kasuwar Iware sai mu je a fitar da ɗaya daga cikin shanun a sayar. Ni na ƙirƙiro raha a kai. In ce, "Jar saniyar nan ta tafi Gombe." Ko, "Bijimin ya kai mu Bauchi, ya dawo mana da uku da nema." Da farko har Hamma na dariya. Da muka wuce ta takwas, ni kaɗai nake yi.

Wata rana mahaifiyarsa ta aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta ɗago daga ƙwaryar da take wankewa ba. Ta ce, "Kai ne mai jakar? Shanun nan kakansa ya koro asalinsu da ƙafa. Maganarka yake ji. Ka faɗa masa ya isa."

Na ce, "Dada, saura ƙiris, kuɗi na hanya."

Na san babu kuɗin da ke hanya. Kunyar komawa in ce na yi kuskure ce ta fi ƙarfina.

Wasan ƙarshe ya faɗo a Maiduguri. Canjaras kawai muke nema mu tsira daga faɗuwa, in mun tsira kuma gurbin na da sauran daraja, ana iya sayarwa. Yara na bin mu albashin wata uku. A ruga kuwa karsana ɗaya ta rage, ita ma ba ta Hamma ba ce. Ta 'yarsa ce, kakanta ya ba ta ranar suna, kamar yadda Fulani ke yi, don ta hayayyafa yarinya ta tafi da su gidan miji. Kawunsa ya ƙi kama igiyar. Hamma da kansa ya ja ta zuwa kasuwa.

Da safe a tasha, bas na jira, yara suka zauna a kan jakunkunansu. Kyaftin ɗinmu, wani Mumuye mai walda wanda bai taɓa ɗaga mana murya ba, ya matso ya ce, "Oga, matana ya haihu, gida ba abinci. Ku ba mu ko wata ɗaya. In babu, ba mu shiga mota."

Kuɗin karsanar abu ɗaya za su iya yi. In an biya yara babu bas, in an biya bas babu yara. Hamma ya juyo ya ce, "Ma'aji?"

Ya karɓi jakar daga hannuna, ya tsuguna a ƙasa, ya raba musu har ƙwandala, ya ce kowa ya gaida gida. Ba mu je ba. Aka ba abokan karawarmu maki, aka ci mu tara, muka faɗo. Na nemi wakilin Alhajin nan a waya, ya ce, "Malam, gurbin ƙasa ai ba a sayensa."

Shagon siminti bai kai ƙarshen shekarar ba. Yau Hamma dillali ne a Iware, yana shafa bayan shanun mutane yana yi musu farashi. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yanzu ina barkwanci, hali ne. Amma in mutum ya tambaye ni me na gani a kan abin da ya shafi dukiyarsa, sai na zauna tukuna, na buɗe biro.

Bara aka aurar da 'yar tasa. Na je yi mata sallama, ta ɗaga mayafi tana murmushi, don ta taso tana jin labarin shanun da suka zaga jihohi. Ta ce, "Bappa ma'aji, tawa wane gari ta je?"

Na ce, "Taki ba ta je ko'ina ba, 'yata. A tasha ta tsaya."