Dawo-Jibi Ta Ajiye Safar Hannu

Kafin ta ɗauki tsintsiya, tagogi take fara buɗewa don warin rinin jiya ya fita. Sai ta wanke kayan taje gashi da ruwan zafi, ta shanya tawul, ta sa safar hannu, ta zauna gefen madubi tana jiran wadda za ta fara shigowa. Haka matan layin suka san mai shagon gyaran gashin nan tun 'ya'yansu na goye, yau ga 'ya'yan da nasu goyon. Sunanta na gaskiya ma ya ɓace. Kowa Dawo-Jibi yake ce mata.

Da farko tsokana ce, ba yabo ba. Duk wadda ta zo neman rinin gashi ko wani sabon man shafawa, ba a taɓa kanta a ranar. Sai ta dangwalo ɗan kaɗan da auduga, ta ɗiga mata a bayan kunne, ta ce, "Kar ki wanke wurin. Ki dawo jibi. In bai yi ja ba, bai yi ƙaiƙayi ba, sai mu yi." Mu kuwa mata da gaggawa! Wasu su ja tsaki su tsallaka shagon gaba, inda ake zaunar da mutum nan take. Ita ko a jikinta. Takan ce abin da ya karɓi fatar wata, wata ƙona ta zai yi, kuma ba a ganewa da ido.

'Yan mata nawa suka shigo mata suna ɓoye fuska, kumatu duk ƙuraje saboda haɗe-haɗen mai? Ba ta sayar musu da komai. Cewa take su ajiye hoda da turare da duk wani tarkace, su koma sabulu marar ƙamshi, in abin bai lafa ba su nufi likitan fata. Mai neman man bilicin kuwa, sai dai ta fita da nasiha.

Amma ranar da aka gwada ta da gaske, telan da ke jikin shagonta ya gani, kuma har yau yana ba da labari. Ƙanwarta ce ta zo, Auta, wadda ta raina da hannunta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Washegari za a yaye ɗan Auta daga jami'a, za a yi hotuna, ga furfura ta fara leƙowa ta gaban ɗankwali. Ta zauna kan kujera ta ce a rina mata.

Dawo-Jibi ta ɗauko auduga.

"Haba Yaya! Ni ma sai jibi?"

"Ke ma, Auta. Ba ke kika ce min wancan karon da kika yi a wani wuri kanki ya kwana yana ƙaiƙayi ba?"

"Ɗan ƙaiƙayi ne fa. Gobe ne taron. So kike a ɗauke ni hoto kamar kakarsa?"

Yayar ta dai daure ta ɗiga mata a bayan kunne. Auta ta fizge jakarta, ta tsaya bakin ƙofa ta ce tunda 'yar'uwarta ta mayar da ita bare, da safe za ta je inda ake ganin mutuncinta, kuma ƙafarta ba za ta sake taka shagon nan ba. Telan ya ce bai taɓa ganin hawayen matar nan ba sai ranar. Kwalbar rinin na hannunta, kira ɗaya ya isa ya dawo da ƙanwarta kan kujera. Zuciyarta ta so, ta kuma ji tsoron rasa yarinyar da ta goya. Ba ta kira ba.

Da gari ya waye, bayan kunnen Auta ya tashi jawur, ya yi ruwa kamar ƙunar wuta, har wuya ya kumbura. Mijinta ya hana ta zuwa kowane shago, ya wuce da ita asibiti. Likita ya ce da duk kan aka shafe, da idanunta ba su buɗu ba, kuma irin wannan kumburin yakan kai ga maƙogwaro. Auta ta je taron da furfurarta, ta ga ɗanta da idanunta biyu. Daga can shagon ta nufa, ta durƙusa gaban yayarta.

Dawo-Jibi, ke ce kika yarda a yi fushi da ke, don kada a yi kuka a hannunki. Ke ce mai cewa a'a ga naki kamar yadda kike faɗa wa bare. Kin tsare fuskokin mutane, naki hannuwan kuma suka biya: shekarun ruwa da sabulu da rini sun tsattsage su, har likita ya ce aikin ya isa haka. Mun gode, Dawo-Jibi. Allah ya saka miki da alheri, ya ba hannuwan nan lafiya. Ku kuma masu gyaran gashi da masu kwalliya da ke tasowa, ku ɗauki audugar nan da ta ajiye. Mai gaggawa za ta yi fushi ta huce, amma fuska ɗaya gare ta.

Ranar da ta miƙa mukullin shagon ga wadda ta koya wa aiki, Auta ta zo, kanta fari fat, ba ta sake rini ba tun wancan lokacin. Ta fito da wani sabon mai da aka ce yana warkar da tsagewar fata. Yayar ta cire safar, ta miƙa mata hannuwanta biyu. Auta ta dube su har idonta ya cika. Sai ta dangwalo man da auduga, ta ɗaga gefen ɗankwalin yayarta, ta ɗiga mata a bayan kunne.

"Kar ki wanke wurin, Yaya," ta ce. "Ki dawo jibi."