Sarakuna Huɗu da Ban Rubuta Ba

Na shiga karatun digiri a fannin tarihi da furfura a kaina. Kafin nan na daɗe ina koyarwa a firamare a Jimeta, kuma abin da na iya shi ne jera abu: na ɗaya, na biyu, na uku. Haka nake koyar da yara, haka nake ajiye takarduna.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya yi bincike ya rubuta. Na zaɓi sarautar wani ƙauye na kan dutse a arewacin jiha. Kafin in shirya tafiya mahara suka shiga yankin, mutanen ƙauyen suka watse. Daga baya na ji tsohon da ke riƙe da sunayen sarakunansu yana unguwar Dubeli, a bayan shagon surukinsa. Na tsaga layi a takarda, na sa lamba ɗaya zuwa goma sha ɗaya, don an ce mini adadinsu ke nan, na tafi.

Na same shi a kan buhun gawayi. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ka ba ni sunayen tun daga na farko."

Ya ce, "Malam, kai daga sama kake hawa dutse? Mu da sarkin jiya muke farawa. Kabarinsa ne a bakin hanya. In na wuce shi in tarar da tsamiya, nan ubansa yake."

Ya rufe ido ya fara. Ashe a ransa tafiya yake yi, kowane suna da wurinsa: tsamiya, rijiya, fasasshen dutse. Ni ban gane ba. Yana faɗin na uku na tsayar da shi ya maimaita. A na biyar na tambaye shi shekara nawa mutumin ya yi a sarauta.

"Malam, kai ɗan sanda ne? Bari in isa mana."

Ban bari ba. A na bakwai na sake katse shi, don lissafina ya nuna wannan ba zai zama ɗan wancan ba. Ya buɗe ido ya dubi kwatar da ke gabansa.

"Na ɓata hanya," ya ce. "Ka dawo."

Jarrabawar yaran da nake koyarwa ta riƙe ni mako biyu. Da na koma, wani ɗan ƙauyen ya riga ya kawo wa tsohon labari cewa an ƙone saman dutsen, ba abin da ya rage tsaye. Na ce masa yau ba zan buɗe baki ba. Ya rufe ido, ya kai na bakwai, ya tsaya. Sau uku muna yi.

"Gaba toka ne," ya ce. "Ban ga kowa ba."

Bai kai damina ba ya rasu.

Malamin da ke duba aikina ya ce in nemi sauran a rahoton Turawan mulki. Na nema, ko sunan ƙauyen babu. Sai na miƙa aikin yadda yake, layi huɗu na sama babu komai sai lamba. A ƙasan shafin na rubuta dalili: mai binciken ya katse mai ba da labari sau uku.