Jakin da Kaka Ya Ƙi Hawa

Duk lokacin da zaɓe ya matso, akan aiko mini da ambulan ɗin takardun ƴan takara a gidana, nan garin Bron, a ƙasar Turawa. Bana, da na buɗe shi, ƙamshin danƙon bakinsa ya mayar da ni ƙauyenmu, gabas da Damagaram, inda kakana yake ɗibar ƙaro da rani.

Dattijo ne mai ji da kansa. Ranar zaɓe yakan sa rigarsa ta Juma'a, ya taka da ƙafa har garin da aka ajiye akwatin zaɓe. Wata shekara sanyin ƙashi ya kama shi. Baffana ya yi wa jaki shimfiɗa, ya kawo ƙofar gida. Kaka ya dubi jakin, ya ce: “Ni ba buhun gero ba ne, da za a sauke ni gaban jama'a.” Ya koma ɗaka.

Daga nan, in dattawa suka zauna gindin gawo suna zancen rijiya ko haraji, sai ya yi shiru, alhali ba wanda ya hana shi magana. Abokin wasansa ya taɓa tsokanarsa: “Malam, sanyin har harshe ya kai?” Kaka ya ce: “Wanda bai je ba, kunne ne rabonsa.” Bai ga wani zaɓen ba, Allah ya jiƙansa.

Na ƙare aikina a masana'antar Saint-Fons, kuma tun da na sami takardun zama ɗan ƙasar nan, ban taɓa fashin zaɓe ba. Bana gwiwa ta ƙi. Ɗiyata ta ce: “Baba, ka wakilta ni mana, in jefa maka ƙuri'a. Doka ta yarda.” Na ji kamar jakin nan aka sake kawowa ƙofa. Amma daga baya na ce ta nemi iznin.

Kafin a ba da iznin, ɗan sanda ya zo har gida ya duba shaidata. Da rigar Juma'a na tarbe shi. Ranar Lahadin zaɓe ɗiyata ta je ta jefa abin da na faɗa mata.

Ya kai tsarana, in ƙafa ta gaza, ka aika wanda ka amince da shi. Dattako ba a ƙafa yake ba. Jiya abokai sun zo gaishe ni, aka tayar da zancen fansho. Na yi gyaran murya, na faɗi tawa.