Shagona Ya Yi Ciniki Ina Wankan Jego

Cikina na fari ya tsufa lokacin da Inna ta aiko daga Gadaka cewa in fara haɗa kaya. A gidanmu ba a shawara a kan wannan. Haihuwar fari a gida ake yi, kuma sai an gama wanka ake komawa ɗaki. Ni kuwa ba haihuwar ce ta hana ni sukuni ba, shagona ne.

Shagon ɗan ƙarami ne a cikin Potiskum, sana'ata kuma ba mutane hayar wurin ajiye shafinsu na intanet. Ina da saba, wato wata babbar kwamfuta da na kama haya a ƙasar waje, wadda ban taɓa gani da idona ba. A cikinta nake yanka wa kowa ɗakinsa: masu makarantu, masu kemis, har da wani mai sayar da takin zamani a Damagum. Komai da hannuna nake yi. Mutum ya biya, ya turo hoton rasit, ya kira ya ce ya turo, can kuma ya sake kira ya ji ko na gani. Sai in zauna in buɗe masa ɗaki, in aika masa kalmar sirri. Wanda hayarsa ta zo ƙarshe, ni zan sabunta masa kafin shafin ya mutu. Na san in na ɓace na tsawon jego, zan dawo in tarar kowa ya kwashe ya koma wurin masu irin sana'ata na Kano, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Maigidana malamin firamare ne, mai son taimako. Ya ce in koya masa ya riƙe mini. A yinin farko ya goge shafin gwaji gaba ɗaya, ya juyo yana murmushi ya ce ya rage mini datti. Na yi masa godiya, na janye kwamfutata ta tafi-da-gidanka daga gabansa.

Mafita ɗaya ta rage, wadda na daɗe ina kauce mata saboda tsoro: in haɗa manhajar karɓar kuɗi da sabar, su riƙa magana da juna ba da ni ba. Banki ya shaida wa manhajar an biya, ita kuma ta umarci sabar ta buɗe ɗaki. A baki abin ba wuya. Da na zauna yi, ƙafafuna a kumbure cikin roba, janareton maƙwabci yana ta ƙara, sai sabar ta ƙi kula manhajar, kamar maigadin da bai san fuskarka ba. Na ba ta makulli, ta ce ba ta san zancen ba. Na sha baƙin ciki kafin in gane cewa dole in shigar da adireshin manhajar cikin waɗanda aka yarda su ƙwanƙwasa ƙofa. Da ta buɗe kuma sai ta wuce gona da iri, kowa ya zo ta ba shi ɗaki mafi girma, don ban gaya mata wane farashi ne ke sayen wane ɗaki ba. Na gyara wannan ma.

Na'ura ta fi mutane saurin ji. Yanzu kowa zai biya ne ta lambar asusun da manhajar ta ba shi, ba tawa ba, kuma ba sai ya kira ni ba. Mai takin nan na Damagum, dattijo ne ɗan asalin Borno, ya zo har shago.

"Yanzu ke Hajiya, in na biya, wa zan gaya wa?"

"Ba kowa, Alhaji. Da kansa zai buɗe."

"To wa zai ce mini an gode?"

Gaskiya ya faɗa. Na goge busasshen saƙon Turancin da manhajar take aikawa, na rubuta nawa da Hausa, da sallama, da gaisuwar iyali, da addu'ar Allah ya sa albarka a kasuwa.

Na isa Gadaka ke nan Inna ta karɓe kwamfutar ta kulle a akwatinta, ta ce mai jego ba ta kallon gilashi. Na haihu lafiya, 'ya mace. Daga nan rayuwata ta koma ruwan zafi da ganyen darbejiya da kunun kanwa, zuciyata kuwa tana Potiskum. Sabis ba ya shiga ɗakin, sai an je jikin katanga. Wata safiya bayan wanka na lallaɓa can da wayata, sai ga saƙo ya faɗo: wata makaranta a Fika, wadda ban taɓa jin sunanta ba, ta biya, an buɗe mata ɗaki, shafinta har ya hau. Ni kuwa lokacin da aka yi wannan cinikin ina tsugune gaban tukunya ana watsa mini ruwa. Daɗi ya kama ni har na yi hawaye. Inna ta fito da sauri, ta ɗauka ruwan ne ya ƙona ni.

Da na koma shago bayan arba'in, babu ko mutum ɗaya da ya gudu. A makon farko wata mai makarantar nazare ta shigo, 'yar kudu ce, ta daɗe a garin, Hausarta tana fita da nauyi. Ta tsaya tana kallon goyon da ke bayana.

"Madam, wannan yaron wa?"

"Tawa ce, Mama."

"Yaushe ka haihu? Ai watan jiya na biya, nan take ka buɗe mini. Ni na ɗauka kana zaune a kujeran nan."

Ta karɓi jaririyar, ta zauna ta wanke ni tas don ban gayyace ta suna ba. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, ina ɓoye dariya. Tun da nake, ba a taɓa yi mini faɗan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.