Silin Gashina da Jan Haske

A gidanmu na Unguwar Kanawa ba a yar da gashi. In an gama tsifa, kakata takan tattara abin da ya maƙale a mataji, ta dunƙule, ta binne a gindin lemo. Cewa take yi gashin mutum bai kamata ya faɗa hannun wani ba.

Ina babbar sakandare malamar kimiyyarmu ta zo da wata 'yar fitila mai kama da biro, wai leza. Aronta ta yi na yini ɗaya wajen ƙanenta da ke jami'a. Aka rufe tagogi, ta haska bango, sai ga ɗigon ja bai fi ƙwayar gero ba.

Ta ce hasken tocila kamar 'yan kasuwa yake, kowa da tafiyarsa. Wannan kuwa sahun salla ne, a sunkuya tare, a ɗago tare. Ƙanen nata ma karatunsa ke nan: yadda za a sa haske da ƙwayoyin abu su shiga sahu ɗaya, a ƙera sababbin kwamfutoci da su.

"In kuna son ku gani da idonku, silin gashi ɗaya nake so," in ji ta. "Nawa kitson jiya ne, ba zai ciru ba."

Kowa ta ƙara jan hijabinta.

"Malama, boka za a kai wa?" wata ta tambaya daga baya.

"Bokan nan batir yake ci, 'yar nema."

Aka yi dariya, amma ba wadda ta motsa. An kusa kaɗa ƙararrawa, gobe kuma fitilar za ta koma.

Ni ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Sai dai tun safe na lura da wani sili da ya maƙale a bakin hijabina. Na zare shi, na fita gaban aji na miƙa wa Malama.

Malama ta miƙar da shi, ta manne a bakin fitilar. Ɗigon nan ya baje ya zama layi mai tsinke-tsinke, ja, duhu, ja, duhu, kamar ɗinkin hannu. Ta ce tafiya taren ce ta fito da shi haka. Aka yi ta tasowa ana leƙe.

Da aka tashi na tsaya a bakin teburinta.

"Malama, kayana."

Ta yi murmushi, ta ɓare min. Na sa shi a tsakiyar littafi.

A gida na ba kakata labari duka. Ta ɗaga silin, ta daɗe tana dubawa.

"Bai ƙone ba?"

"A'a, Kaka."

"To, kin san gindin lemo."